Jiran Tsatsa a Wheaton

Dattijo Bulus ne ya tare ni a filin jirgi. Ban taɓa ganinsa ba, amma matar fastonmu a Wusasa ta ce ɗan'uwan mijin yayarta ne, kuma a wurinmu wannan ya isa a damƙa wa mutum akwati har da mai akwatin. Ya kira ni 'yarsa, ya yi doguwar addu'a kafin ya tayar da mota, sai da muka hau babban titi sannan ya tambaye ni abin da na zo karantawa.

Na ce, "Tsofaffin tasoshin Rumawa, Baba."

"Tasa? Irin ta zuba miya?"

"Ƙanana ne, na tagulla, da rubutu a bakinsu."

Ya leƙo ni ta madubin mota. Can ya ce, "Rifkatu, mutane suna zuwa ƙasar nan su karanta nas, su karanta kwamfuta. Ke kuma kin tsallako teku karatun kwano. To, Ubangiji ya taimaka." Daga ranar sunan ya bi ni. Duk taron 'yan gida da na shiga, ko suna ne ko godiya a coci, sai wani ya ce ga mai karatun kwano ta iso.

Ɗakin da ya yi mini alkawari a gidansa na Upper Marlboro ba ɗaki ba ne. Wani lungu ne a ƙasan gida, tsakanin injin wanki da tukunyar ɗumama ruwa, an rataya labule a matsayin ƙofa. Haya kuwa ta cikakken ɗaki ce mai taga. Unguwar tana da kyau, ciyawa a gyare, gidaje manya-manya, amma ba a yi ta don mai tafiya a ƙafa ba. Kafin in kai inda bas ke tsayawa na riga na gaji da ranar. Ga kuma yaransa. An fara da "ki ɗan duba su kafin uwarsu ta dawo daga asibiti", aka ƙare ni ce mai wanka, ni ce mai girki, ni ce mai raba faɗa. In yi musu Hausa su ji sarai, su amsa mini da Turancin da ke fita ta hanci. Ranar da na yi ƙarfin hali na ce aikin yana cinye mini lokacin karatu, Dattijo ya ajiye cokali ya ce, "A Amurka ba a zaman banza, 'yata. Mu ma haka aka yi mana da muka zo." Na gaskata shi, don ya faɗa ne kamar mai ba da gado. Na kwashe kwanukan da suka ci abinci na tafi wankewa.

Abin da ya hana ni tattara kayana in koma gida shi ne alkawarin da na baro. Na bar 'yata Murna a hannun Mama tana da shekara biyu, ko sunana ba ta iya faɗa daidai ba. Ni da babanta mun rabu tun tana goyo, wannan kuma wani labari ne daban. Tallafin karatun da aka ba ni na shekara huɗu ne, babu ƙari, kuma na faɗa wa Mama a gaban Baba cewa zan dawo da digirina, in kama hannun Murna da kaina in kai ta aji ɗaya na firamare. Zuwa hutu babu shi a lissafi. Waɗanda suka riga ni zuwa sun gargaɗe ni cewa mai irin bizata in ya fita, sake shigowa sai ikon Allah. Saboda haka duk abin da zai ƙara mini ko wata guda a ƙasar nan, gaba nake yi da shi.

A cikin jirgin ƙasa na tsinci mafita. Wata safiya mai sanyi na ji wani a bayana yana magana a waya da Hausa, yana cewa, "To, Hajiya. Na ji, Hajiya. Zan sayo, Hajiya." Muryar na san ta tun ina yarinya, ita ce ke fitowa daga rediyon Baba tana karanta labarun duniya yayin da muke shirin makaranta. Na juya ina tsammanin ganin wani ƙato, sai na ga ɗan gajeren dattijo mai furfura, ya nutse cikin rigar sanyi. Na gaishe shi kamar yadda ake gaida uba. Sunansa Malam Isuhu, mutumin Maraɗi, yana aiki a sashen Hausa na wani gidan rediyo da ke unguwar Southwest. Ɗan jarida ne, bai sha wahala ba wajen tatsar labarina, kafin mu kai tasharsa ya san har da maganar labule.

Ya ce, "Muna da ɗaki a ƙasan gidanmu, a unguwar Wheaton. Da taga, da ƙofa mai rufuwa. Amma sai Hajiya ta gan ki. Ita ce mai gida, ni takardu kawai ke da sunana."

Hajiya mahaifiyarsa ce. An kawo ta ne renon jikoki, jikoki suka girma suka tafi jami'a, ita ta zauna. Turancinta bai wuce na godiya ba. Ta dube ni daga ɗankwali har takalmi, ta ce, "Kirista ce ke?" Na ce e. Ta ce, "To, Allah guda ne. Kin ci abinci?" Shi ke nan jarrabawar. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ta ce yana karya mata harshe. Ɗiyata kawai take ce mini.

Ban taɓa ganin kicin irin nata ba. Akwai injin wanke kwanuka a gidan, amma ta mayar da shi wurin ajiye albasa, ta ce wanka kawai yake yi wa kwano, ba ya wanke shi. Tana da soson ƙarfe, da lemun tsami, da gishiri, da tokar da take tarawa duk ranar da Malam Isuhu ya gasa nama a bayan gida. Tukwanenta mutum zai iya gyara ɗaurin ɗankwali a jikinsu. Idan muka je gidan suna, kafin ta kai ga gaida mai jego ta riga ta leƙa gindin tukwanen gidan, kuma a hanyar dawowa za mu ji sakamako. Wata rana ta tambaye ni kan makarantarmu, "Mi kike koyo a lakwal ɗin taku?" Na ce tasa, Hajiya. Ta gyaɗa kai ta ce, "Madalla. Ɗiya mace ta san tasa." Ita ce mutum ta farko a ƙasar nan da ta ji abin da nake karantawa ba ta yi dariya ba. Daɗin haka ya sa na bar maganar a nan, ban ƙara bayani ba.

Tasoshin da nake karantawa ba su fi ƙoƙon shan fura girma ba, guda tana zama a tafin hannu. An yi su ne a can bakin iyakar daular Rum, a arewacin Ingila, inda wani sarkinsu ya sa aka ja ganuwa daga teku zuwa teku, aka jera sansanonin soja a jikinta. An ƙawata bayan tasoshin da narkakken gilashi mai launi, ja da shuɗi da rawaya, sannan a kewayen baki aka rubuta sunayen sansanonin ɗaya bayan ɗaya, yadda matafiyi zai riske su a hanya. Kaɗan ne suka rage a duniya, kuma nesa da ganuwar aka tsince su, har da tsallaken teku. Masana suna ganin tsaraba ce. Soja ya gama wa'adinsa a bakin iyaka, ya sayi 'yar tasa mai sunayen wuraren da ya sha wuya, ya tafi da ita garinsu. Wasu sojojin daga ƙasashe masu zafi aka kwaso su, har da arewacin Afirka. Nakan tsaya a tashar bas ƙanƙara tana dukan fuskata, in tuna wani bawan Allah da ya saba da rana, an ɗora shi kan ganuwa yana gadin ƙasar da ba tasa ba, in ji tausayinsa kamar ɗan unguwarmu. Ta gaske kuwa ban taɓa riƙe ko ɗaya ba. Suna can Turai cikin akwatunan gilashi, ni hotuna da ma'aunai aka ba ni.

Farfesata wata tsohuwar Baturiya ce, siririya, mai tafiya kamar ana kiranta, abincin ranarta tuffa guda. Ita ta ba ni tambayar da zan yi aiki a kai. Ɗaya daga cikin tasoshin tana ɗauke da sunan wani mutum bayan sunayen sansanoni, kuma masana sun daɗe suna gardama: maƙerin ne, ko mai tasar? Farfesa tana ganin tsatsa ba ta cin harafin da aka zubo tare da tasa yadda take cin wanda aka sassaƙa daga baya. Idan aka gane bambancin, za a iya duba tsofaffin a san wane rubutu ne ya riga wani. Muka je wata maƙera a bayan gari aka zuba mini tasa uku, da irin haɗin tagullar mutanen da. Wasu haruffa aka zubo su tare da tasar, wasu na sassaƙa da hannuna bayan ta huce. Na binne su cikin akwatunan ƙasa mai tsami da gishiri, a wani ɗaki mai ɗumi da laima da ke sa ƙarfe ya ruɓe da sauri. Saurin nasu kuwa kusan shekara biyu ne. Idan koriyar tsatsa ta kama sosai, sai a tono, a yanka, a duba ta da madubin ƙara girma. Wato digirina gaba ɗaya yana jikin wannan tsatsar, tagullar da ke ƙarƙashi ba ta da wani amfani a wurina.

Haka aikina ya zama jiran tsatsa. In je da safe in auna laima, in zuba ruwa, in rubuta, in zauna koyon Latin, harshen Rumawa, tare da yaran da na girme su nesa ba kusa ba. In dawo ta shagon wata 'yar Ghana a Wheaton in sayi kuka da daddawa. Matar takan ƙara mini ɗan yaji a leda ba tare da ta dube ni ba, ta yi wata magana da yarensu da ban taɓa sanin ma'anarta ba. Sanyi ya zo ya wuce, ya sake dawowa. Na gaji irin gajiyar da barci ba ya cirewa. Murna kuwa a cikin waya ta girma. Mama ba ta iya riƙe waya ba, yawanci rufin ɗaki nake gani da rabin goshin yarinyar, amma ko a hakan na ji ta daina tsamin baki, na ga an fara yi mata kitso, na ji ta koyi waƙoƙin makarantar Lahadi da ba ni na koya mata ba. Duk ranar da na ajiye waya idona a kumbure, sai in ji takun Hajiya a kan matakala, ta ajiye mini kunu ko dambu a bakin ƙofa ta koma. Ba ta taɓa tambayata me ya faru ba.

A farkon shekarata ta huɗu muka tono su. Sun fito kore shar, da ɗigon shuɗi nan da can, sun yi ɓawo mai kauri har haruffan sun ɓace. Duk wanda ya gan su zai ce daga bola aka kwaso. Farfesa kuwa ta tsuguna tana juya su da safar hannu tana cewa sun yi kyau, ni ma na tsaya ina kallonsu kamar na haifi 'yan uku. Aka busar da su, aka sa ranar yanka. Na kira Mama na ce ta fara tambayar telan da zai ɗinka wa Murna kayan makaranta.

Sai bututun ruwa ya fashe a ginin sashenmu saboda tsananin sanyi. Ruwa ya sauko ta rufi, aka rufe ginin, aka ce kowa ya kwashe abin da laima za ta ɓata. Tsofaffin kayan tarihi aka kai su ma'aji, nawa kuwa tunda kwaikwayo ne ba su sami wuri ba. Farfesa ta ce, "Ki tafi da su gida. Wuri busasshe kawai suke so, kada kowa ya taɓa su da hannu." Na rungumo akwatin a jirgin ƙasa, ban zauna ba don kada a ture ni. Na kai su ɗakina lafiya.

Ranar Lahadi da safe rana ta fito da kyau, hasken yana shigowa ta tagata. Na jera su a kan tebur na ɗauki hotuna, na ga zan makara coci, na ce in na dawo na ƙarasa in mayar da su akwati. Ɗakina ba a kulle shi. Injin wanki yana can ƙasa kusa da shi, kuma gidan Hajiya ba gidan kulle ƙofa ba ne.

Da na dawo bayan azahar, tun daga bakin ƙofa na ji ƙamshin lemun tsami. Hajiya tana zaune a kicin kan 'yar kujerarta, ta shimfiɗa tsofaffin jaridu a ƙasa, hannayenta sun yi kore har gwiwar hannu. A kan teburin cin abinci an shimfiɗa farin ƙyalle, a kansa ga wasu ƙananan tasoshi biyu suna walƙiya kamar zinariyar amarya. Na ɗauki lokaci ina kallonsu ina tunanin a ina ta samo irin nawa.

Ta ce, "Ɗiyata, kin dawo? Zo ki gani."

Na matso. Ƙafafuna ne suka kawo ni, ni ban san na taka ba.

Ta rage murya ta ce, "Na sabka in sa wanki, na ishe su bisa teburinki. Wallahi sai da hawaye suka zo mini. Ɗiya awa ke, kina babbar lakwal, kina ci cikin abin ga? A juji kika tsince su? Mi ya hana ki gaya mini ba ki da kwano, ga su nan cike da gida?" Ta waiga ta tabbatar babu kowa. "Ban gaya ma kowa ba. Ko Isuhu bai sani ba, kuma ba shi ji daga bakina."

Rufin asiri take yi mini. Ta ga 'yar mutane a baƙon wuri, talauci ya sa tana tsince-tsince a bola, kunya ta hana ta magana, shi ne ta gyara abin a ɓoye tun kafin wani ya gani. Da a Wusasa ne, da Mama ta yi wa 'yar wani haka, kuma da na yaba mata.

Zuciyata ta maƙale a wuri guda. Biyu ne a kan tebur. Da guda ɗaya ma zan iya kammala aikin, ko da a ɗan gurguje ne. Na ce, "Hajiya, ta ukun fa?"

"Waccan ta gagare ni, hannuna ya gaji. Na jiƙa ta cikin ruwan tsami da gishiri tun hantsi. Dubo ta can, yanzu dattin shina saki da kanshi."

Ta nuna mini wani bokiti a gefen murhu. Ruwan ciki ya zama shuɗi. Na sa hannu na ɗago tasar, tsatsar ta biyo yatsuna tana saɓulewa kamar ƙanzon da ya kwana a ruwa.

Hajiya ta ɗauki ɗaya daga cikin gogaggun ta juya ta a haske. "Ki ga, ashe har rubutu gare su. Datti ne ya rufe shi." A lokacin na lura da yatsunta. Soson ƙarfe ya yayyanke su, tsamin lemu ya shiga. Tsohuwa ce da ke fama da ciwon gaɓɓai, ta zauna tun safe tana dirzar abin da ƙasa ta yi shekara biyu tana ginawa, kuma ta ci nasara. Tana kallona tana jira.

Na ce, "Sannu da aiki, Hajiya."

Ta ce, "Yawwa. Ba komi, ɗiyata."

Na kwashe su na sauka ɗaki, na zauna a ƙasa da kayan cocina a jiki. Haushi ya cika ni, amma na rasa wanda zan zuba wa. Da Dattijo Bulus ne ya yi mini haka, da na san yadda zan yi, da na ji daɗin tsanarsa. Wannan kuwa matar da ke ajiye mini kunu ce a bakin ƙofa.

Washegari na kai wa Farfesa a wani ofishin aro da aka ba ta. Ta juya tasar a hannunta, wannan karon babu safa, tunda babu sauran abin karewa. Ta ce, "A duk shekarun da na yi ina wannan aiki ban taɓa ganin an goge tagulla haka ba." Sannan ta cire tabarau ta ajiye. Ba ta yi mini faɗa ba, ta ce ita ce ta ce in kai su gida. Hotunan da na ɗauka ba za su isa ba, sai an yanka tsatsar an ga cikinta. Hanya biyu ta shimfiɗa mini. Ko in rubuta ɗan abin da nake da shi, a ba ni ƙaramar takarda irin wadda nake da ita tun a gida, in koma kafin damina ta ƙare. Ko a sake zuba sababbi, a sake binnewa, in sake jira. Tallafi ba zai ƙaru ba, amma za ta nema mini aikin koyar da 'yan aji ɗaya, wanda zai riƙe bizata ya ciyar da ni da ƙyar.

Malam Isuhu ya gane akwai magana tun daga yadda na gaishe shi. Ya tatsa, na faɗa, na roƙe shi kada ya gaya mata. Ya riƙe kansa ya ce, "Innalillahi." Ya yi alkawari, amma mutumin da ya yi rayuwarsa yana sanar da duniya labari ba zai iya ɓoye wa uwarsa guda ba. Na gane ya faɗa ne da gidan ya yi tsit. Kwanaki suka wuce ban ji ƙarar soson ƙarfe daga sama ba, ban ji takunta ba. In na hau gaishe ta sai a ce ta kwanta.

Wata rana da la'asar na ji ana saukowa a hankali. Ba ta shigo ba, ta zauna a kan matakala ta ƙarshe, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

Ta ce, "An ce na wanke miki karatu."

Na ce, "Hajiya, ba laifinki ba ne. Ni ce ban yi miki bayani ba."

"Ba a maida dattin? Ban zubar da ruwan ba, shina nan cikin bokiti, na rufe shi."

"Ba a mayarwa. Sai ƙasa ta sake yin wani."

"Har yaushe?"

Na faɗa mata. Ta daɗe tana kallon hannayenta. Ba ta tambayi digiri ba, ba ta tambayi biza ba. Ta ce, "To ɗiyar taki hwa?"

A nan na fashe da kukan da na riƙe tun ranar Lahadi. Ta ce, "Ki zage ni, ɗiyata, ko na samu sauƙi." Na ce ban iya ba. Muka zauna haka, ita a kan matakala ni a bakin gado, har aka kira salla ta cikin wayarta.

Na yi ta juya maganar. In na koma yanzu, na cika alkawarin kai Murna makaranta, amma na bar ta shekara huɗu ke nan a banza, in dawo da takardar da na tafi da irinta, in koma kan kujerar da na tashi a kai. In na zauna, na mayar da yarinyar bayan wasu tasoshi a karo na biyu. Babu wadda ta yi mini daɗi a cikin biyun, kuma na gaji da yawa har ban iya rarrabe wadda hankali ya zaɓa da wadda taurin kai ya zaɓa ba. Na ce wa Farfesa a sake zubawa. Har yau ban san ko daidai na yi ba.

Ranar da na binne sababbin, na wanke ƙasar da ke hannuna, na fita farfajiyar ginin na kira gida. A can magariba ta yi, ina jin ana jan ruwa a rijiya. Na faɗa wa Mama komai, tun daga bututu har bokiti. Ta saurara har na gama. Can ta ce, "Matar nan ta yi abin da ta sani ne. Ki gaishe ta." Sannan ta ƙara da cewa, "Yarinya kuwa za mu kai ta makaranta ni da babanki. Amma ni ba zan gaya mata ba. Ga ta nan, ki faɗa mata da bakinki."

Na ji an miƙa waya, na ji numfashin Murna kusa-kusa.

"Mami, ina wuni."

"Lafiya lau, Murna. Kina jin maganar Kaka?"

"Ina ji. Mami, Kaka ta ce kin binne kwano ne, in ya ruɓe za ki dawo."

"Haka ne."

"Ni ma na binne nawa a bayan kicin, don ya taya naki sauri. Kullum ina zuba masa ruwa."

Na jingina da bango. Na ce, "Wane kwano kika binne?"

"Jan nan na roba, na shan kokona. Jiya na tono na duba, bai fara ba tukuna. Amma na mayar da shi." Ta ɗan tsaya. "Mami, ko in ƙara ruwa?"

Maganar da na shirya tun safe, cewa sai an ƙara jiran shekara biyu, na kasa furta ta. Ina jin Mama a gefenta tana jira in faɗa.

Na ce, "Ki ƙara kaɗan, Murna."